Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aljanar Bayan Layin Dogo

Makon jiya mun tsaya a inda Kawu ya sallame ni daga rumfar goro a Agege. Masu tambayar yadda aka yi aurena da Maman yara su ƙara haƙuri, yau maganar fim ɗin ban tsoron da na taɓa yi ce ta tsaya min a rai.

Da na bar goro, shagon hayar kaset na buɗe. Kaset ɗin soyayya sai ya yi ƙura a kanta, na ban tsoro kuwa tun kafin a dawo da shi wani ya kama layi. Lokacin fim ɗin Living in Bondage ya riga ya fito, a 1992, da yaren Ibo, kuma Kenneth Nnebue da ya zuba kuɗin ɗan kasuwa ne nan Legas, babu wani katafaren kamfani a bayansa. Na ce mu da muka tashi da labarin aljanu da mayu a bakin kakanni, me zai hana mu yi namu fim ɗin?

Kawu na yayyafa wa huhun goro ruwa na kai masa zancen. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Yaro, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A cikinsu wane ne kai?" Na ce, "Gardin, Kawu." Sai da ya yi dariya har da tari.

A wani kango bayan layin dogo muka ɗauka, da kyamarar ɗaukar biki. Aljanar tamu yaro ne mai wankin hula, dogo siriri. Muka shafe shi da farar ƙasa, muka naɗe shi da farin yadi. Jini zoɓo ne da aka dama da sitaci, ƙudaje suka yi ta binsa. Janareta ya fi ƙarfin murya, dole muka kashe shi muka kunna aci-balbal, kuma duhun nan shi ya gyara fim ɗin, don ba a ganin komai sai ƙwayar ido. Wani dare yaron ya zagaya fitsari da kwalliyarsa, wata Bayarabiya mai sayar da amala ta gan shi, ta yar da tukunya tana kiran sunan Yesu. Mu muka biya kuɗin tukunyar.

Sarƙar gwal ɗin Maman yara aka sayar aka yi wannan aikin. Har gobe in muka saɓa sai ta shafa wuyanta ta yi shiru.

Na kai wa wani dillalin kaset a kasuwar Idumota. Ya kalla yana hamma, ya ce fim ɗin Hausa ba ya tafiya a Legas, ya miƙo abin da bai kai kuɗin yadi da janareta ba, ya riƙe uwar kaset. Ba a jima ba na ga aljanata a baro a Mile 12, an canza suna, an canza bango, babu sunana ko'ina. Da Kawu ya ji sai ya aiko min da goro fari ƙwarya guda, a ce wai a gai da kura.

Sai kwanan nan babban ɗana ya nuna min cewa Amurka ma haka abin yake. George Romero da abokansa sun haɗa dala 114,000 a Pittsburgh suka yi Night of the Living Dead a 1968, mai rarrabawa ya canza suna ya mance bai sa alamar haƙƙin mallaka ba, fim ya zama na kowa. Oren Peli a gidansa ya ɗauki Paranormal Activity da dala 15,000, amma bai shiga silima ba sai a 2009, bayan kamfanin Paramount ya ɗauka, aka canza masa ƙarshe, ya kawo sama da dala miliyan 190. Su kuwa manyan, Universal ta kashe fiye da dala miliyan 100 a The Mummy a 2017, har da Tom Cruise, shirin jerin finafinan dodanni da ta ɗora a kansa ya rushe. Ƙarshe Universal ta nemi kamfanin Blumhouse, masu ƙaramin jari, suka yi mata The Invisible Man da dala miliyan 7 a 2020, aka ci riba. Ni ban yi mamaki ba. Mai kuɗi ba ya iya haƙuri, sai ya haska dodon nan an gan shi tun daga kai har ƙafa, da an gan shi kuwa tsoro ya tafi. Mara shi dole ya bar shi a duhu. Sai dai silima da talla da manyan motocin rarraba kaya duk suna hannun gardi.

Ɗan Kawu da ya riƙa yawo da ni a majalisar Agege wai na haukace, yanzu shi ne ke biyan kuɗin Netflix duk wata, yana kallon irin abin da ya zage ni a kai. Ban ce masa komai ba ranar sunan jikarsa, amma na ga talabijin ɗin.

Yaron nan mai wankin hula direban tirela ne yanzu a Apapa, ya yi Makka, kuma duk inda muka haɗu sai ya tambayi cikon kuɗinsa. Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da na koma Idumota da shi da mahauta biyu daga Oko-Oba.