Daga Kado zuwa Ibaka

Kawuna busasshen kifi yake sayarwa a kasuwar kifi ta Kado, nan Abuja. Kifin banda daga Baga da Yawuri yake zuwa masa, amma jatan lande da kifin teku sai Kudu. Da kuɗin buhu ya yi ta hawa, dillali kuma kullum amsarsa ɗaya, wai tsadar man fetur ce, sai Kawu ya ce gani ya kori ji, in shirya in raka shi Akwa Ibom.

Sammako muka yi. Keffi, Akwanga, Lafiya, muka haye gadar Binuwai a Makurɗi, muka bi ta Inugu da Umuahia da Ikot Ekpene, ba mu shiga Uyo ba sai dare ya raba. Washegari muka wuce Oron, daga nan sai Ibaka a ƙaramar hukumar Mbo, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya karɓa.

Hayaƙi ne ya fara yi mana maraba. Rumfunan banda ne jere a bakin gaɓa, mata na juya kifi a kan raga, idanunsu jawur. Manyan jiragen katako masu inji a baya suna ta sauke kaya, wasu na lodin fasinja zuwa Kamaru, don nan da Bakassi ba nisa. Tun da aka miƙa wa Kamaru yankin a watan Agustan 2008, masunta da dama suka dawo wannan ɓangaren, ruwan da suka saba kamu a ciki ya zama na wata ƙasa.

Mai masaukinmu dattijo ne Bakatsine mai sayar da albasa da wake, ya daɗe a garin har yana jin yarensu. Kawu ya tambaye shi, "Alhaji, wai ina ayyukan da muke ji a rediyo?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, suna nan, amma manya ne, sun fi ƙarfin mai kwalekwale."

Kuma gaskiya gwamnati ba ta yi shiru ba. A watan Agustan 2023 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikin ruwa, ya ba Adegboyega Oyetola, aka kuma mayar da sashen kamun kifi ƙarƙashinta daga ma'aikatar noma. A 2024 aka soma babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, wadda za ta ratsa jihar. Ga maganar tashar manyan jiragen ruwa ta Ibom, da aka shekara da shekaru ana yi wa mutanen yankin albishir da ita. Ga kwalejin horar da ma'aikatan jirgin ruwa ta tarayya a Oron. A takarda, kowanne ƙofar aiki ce.

Sai dai abin da masunta suka yi ta faɗa mana, Alhaji yana yi mana tafinta, bai kai nan ba. Na farko fetur. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, fita teku ta zama caca: ka cika jarkoki da bashi, in ka dawo da koma wayam bashin na nan. Sai 'yan fashin teku, waɗanda ba kifi suke nema ba, inji suke cirewa su bar mutum yana yawo a kan ruwa, kuma injin nan shi ne jarin gida gaba ɗaya. Wanda ya tsira da kamunsa ma bai huta ba. Wutar lantarki ba ta tsayawa, ƙanƙara na tsada, dole ya sayar a take ko a ɗora a wuta kafin ya lalace. Mai saye ya san haka, shi ya sa shi ke yanka farashi. Da aka zo nan Kawu ya ɗan kau da kai, don shi ma mai sayen ne.

A ganina a nan aikin yi yake kwance. Ɗakin sanyi ɗaya mai wutar sola zai ɗauki masu dako da masu awo da mai gyara, ya kuma ba masunci damar cewa a'a. Cibiyar binciken teku da ke Legas ta daɗe da ƙera murhun banda na zamani mai rage hayaƙi da cin itace, amma matan da muka gani da itacen gaɓa suke fama. Tashar jiragen ruwa in ta zo, injiniyoyi da masu takardu za ta fara nema, ba mai saƙa koma ba. Ƙasar da ke buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, tana samar da kamar sulusinsa, sauran gibin ana toshe wani da daskararren kifin waje, bai kamata masuncinta ya rasa kuɗin mai ba.

Kafin mu juyo Kawu ya yi ciniki da wata mata mai jirage biyu: zai riƙa turo kuɗin fetur tun kafin a fita, ita kuma ta ware masa buhunansa a farashin da aka tsayar. Alhaji ne shaida. A mota na ce, "Kawu, in 'yan fashi suka ɗauke injin fa?" Ya ce, "To, ɗan nan, sai mu raba asarar, da ita da ni."