Ranar da na gyara wa Iya waƙarta

Shekara bakwai na yi ina koyar da tarihi a wata makaranta a unguwarmu ta Hausawa a Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma yanzu da nake tattara takarduna, abu ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata.

Yaranmu sun haddace cewa an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, sun san ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa Mayurno a kusa da Sinnar, amma suna faɗin haka ne kamar labarin waɗansu mutane. Shi ya sa na fara shiga musu ta abin da suke ci da abin da suke ji. Na tambaye su daga ina agashe, gasasshen naman nan, ya samo sunansa, tun da duk Sudan ana cinsa, sai ajin ya yi tsit kafin wata yarinya ta ce ai gashi ne. Na sa musu muryar Aisha Fallatiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a Rediyon Omdurman, na karanta musu baitocin Nana Asma'u da ajami.

Sai na gayyato wata tsohuwa haifaffiyar Mayurno ta rera musu waƙar daka da ta koya a wurin kakarta. Tana cikin rerawa na ji kalmomin Larabcin Sudan sun shigo tsakiyar baiti, ni kuwa a lokacin ina taƙama da Hausar littafi, sai na katse ta a gaban yara na ce, "Iya, ba haka ake faɗi a Sakkwato ba." Ta dube ni ta ce, "Ustaz, ni ban taɓa ganin Sakkwato ba, a gonar auduga aka koya mini." Ta gyara mayafinta, ta ƙi ƙarasawa. Na yi wata uku kafin na gane cewa kalmomin da na so in share su ne shaidar shekarun da mutanenmu suka yi suna tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira na Sudan, wato ainihin darasin da na tara yaran dominsa. Da na je neman gafara, na tarar 'ya'yanta sun mayar da ita Mayurno, ba ta kuma dawo ba.

Daga baya na koyi barin na'ura tana ɗaukar murya bakina a rufe. Na kuma koyi ajiye kwafin duk abin da na rubuta, domin shugaban makarantar da ya ce na mayar da aji kasuwar agashe shi ne ya sa sunansa a kan rahoton da baƙi suka yaba. Wanda zai gaje ni zai sami muryoyin tsofaffi goma sha ɗaya a cikin akwatin ofis, waƙa ta farko kuma rabi ce.