Kangon da mutum dubbai suka saya

Da hantsi muka bar birnin Poitiers na Faransa a motar wata abokiyar karatuna, muka miƙa arewa wajen Loudun. Tafiyar kamar awa ɗaya ce, gonaki hagu da dama, har muka shiga ƙauyen Les Trois-Moutiers. Ni dai raka ta na yi, don tun a mota take ta cika baki wai za ta nuna mini gidanta.

Ashe gidan nata kango ne. Sunansa La Mothe-Chandeniers, yana zaune a tsakiyar ruwa, gwalalo ya kewaye shi. Daga nesa sai ka rantse fadar sarki ce mai rai, ga hasumiyoyi, ga zane a jikin dutse. Da muka matso na ga yawancinsa babu rufi. Bishiyoyi sun fito daga cikin ɗakuna sun leƙo ta tagogi, saiwoyi sun kama matakala sun riƙe gam. Na daɗe tsaye ina kallon wata taga da reshe ya ratsa ta, inuwarsa na rawa a kan ruwan.

Asalin ginin tun ƙarni na 13 ne, na zuri'ar Bauçay. Sojojin Ingila sun ƙwace shi a Yaƙin Shekara Ɗari, aka kuma wawashe shi lokacin juyin juya halin Faransa. A 1809 wani attajirin Paris, François Hennecart, ya saye shi ya gyara, sannan wajen 1870 aka sake gina shi da wannan ƙawar da ake gani yau. Abin da yaƙi bai gama da shi ba, wuta ce ta ƙarasa: ranar 13 ga Maris 1932, jim kaɗan bayan an saka na'urar ɗumama ɗakuna, gobara ta cinye shi da littattafansa da kayan ɗakinsa.

Daga nan daji ya karɓi gida. Faransa na da dokar kare gine-ginen tarihi tun 1913, amma doka ba ta ɗora rufi, kuma irin waɗannan gidaje sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Sai a ƙarshen 2017 dandalin Dartagnans da ƙungiyar Adopte un château suka kira karo-karo a intanet: ka ba da Yuro 50 ka zama mai rabo a gidan. A Disambar shekarar aka tara Yuro 500,000 don sayen shi, masu hannu a ciki dubbai ne daga ƙasashe fiye da 100. Abokiyata na cikinsu.

Na ce, “To Hajiya mai fada, wane ɗaki ne naki?” Ta nuna mini wani lungu da ciyawa ta rufe, muka yi ta dariya.

Abin da ya fi burge ni, masu gidan ba su tashi share bishiyoyin kaf don mayar da gidan sabo fil ba. Ana tokare bangon da ke neman faɗuwa, ana barin tabon wutar yadda yake. A ganina sun yi daidai, ko da yake saiwa ba ta san tarihi ba, kullum ƙara buɗa dutsen take. Na tuna katangun ƙasa na Birnin Damagaram da damina ke ci kowace shekara, na yi shiru.

Yamma ta yi, sanyi ya fara shiga ƙashi. Kafin mu koma mota ta sa na ɗauke ta hoto a bakin gada, ta tura wa mahaifiyarta.