The Expanse, zango na farko: a kalla ko a bari?

A kalla, amma da sharaɗi. Na kalli zangon farko na The Expanse, shirin talabijin na almarar kimiyya, a Gusau, a waya da kuma a talabijin, kuma na lura cewa yawancin masu yar da shi a hanya ba labarin ne ya kore su ba, yadda suka kalle shi ne.

Tashar Syfy ta Amurka ce ta fara haska shi a Disambar 2015. Zangon farko kashi 10 ne, kowane kashi minti 43 ko kusa da haka, wato duka-duka awa 7 da 'yan kai. An ɗauko labarin daga littattafan James S. A. Corey, sunan alƙalami na marubuta biyu, Daniel Abraham da Ty Franck. A ƙarni na 23 aka kafa shi: Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke mulkin duniyarmu, duniyar Mas ta zama ƙasar sojoji mai cin gashin kanta, sai talakawan da ke haƙar ma'adinai da ƙanƙara a duwatsun da ke tsakanin Mas da Jufita, waɗanda ake kira Belta. Su ke wahalar, wasu ke cin moriyar.

Kashi uku na farko su ne gargadar. Labari uku ake ja a lokaci guda, ba tare da an tsaya yi maka bayani ba. Ga ɗan sanda Miller a tashar Ceres yana cigiyar wata 'yar attajiri, Julie Mao. Ga Holden da abokan aikinsa a jirgin dakon ƙanƙara, Canterbury. Ga kuma dattijuwa Avasarala, babbar jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, tana murza siyasa a duniyarmu. Sunaye sun yi yawa, kuma har zuwa kashi na 8 Miller da Holden ba sa haɗuwa. Don haka kada ka yanke hukunci sai ka gama kashi na 4, inda ake gwabza yaƙi a Donnager, jirgin yaƙin sojojin Mas. A nan za ka ga harsashi ya huda bangon ɗaki ya fita ta ɗaya gefen, iska na tsiyaya waje, mutane na rarumar duk abin da hannu ya kai suna toshe ramin. Idan wannan kashin bai kama ka ba, ka haƙura, sauran ma ba za su kama ka ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne ba a yi wa kimiyya ƙarya da yawa ba. Jirgi ba shi da birki. Idan zai tsaya sai ya juya baya a tsakiyar tafiya ya kunna injin yana tura kansa. Mutanen Belta sun tashi inda ƙarfin jan ƙasa ba shi da yawa, shi ya sa suke dogaye masu raunin ƙashi, har tsayuwa a doron duniya kaɗai ta zama hanyar azabtar da ɗayansu. A Ceres kuwa ruwa da iska rabo ake yi. Akwai inda Miller ke tsakiyar wanka, kumfa a ka, ruwan ya ɗauke saboda kasonsa ya ƙare. Wanda ya taɓa zaman jiran 'yan garuwa a Gusau cikin watan Afrilu ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Sai batun na'ura, wanda nan ne ake yawan asara. Fim ne mai duhu sosai, kuma duhu shi ne farkon abin da ke lalacewa idan aka matse bidiyo. A 360p ko 480p yaƙin sararin samaniya baƙin tabo-tabo kawai yake zama. Nemi 720p aƙalla, ka ware wa zangon gigabait 3 zuwa 4. Idan talabijin za ka sa wa filas, ko wayarka tsohuwa ce, zaɓi bidiyon da aka matse da tsarin x264; na x265 ya fi ƙanƙanta amma yana sarƙewa ko ya ƙi buɗewa. Idan hoto na tafiya babu sauti a MX Player, yawanci nau'in sautin ne bai iya karantawa ba, buɗe shi da VLC. Sa abin kunne kuma, domin maganar ƙasa-ƙasa take, ƙarar janareto ko fanka na iya cinye ta. Da rana a tsakar gida ba za ka ga komai ba, kuma ƙure hasken allo a zafin nan yana dafa waya ya zuƙe caji. Bari sai bayan isha'i.

Rubutun ƙasan allo dole ne, ko da Turancinka ya nuna. 'Yan Belta da nasu yaren suke magana, gaurayen harsuna da aka ƙirƙira musamman don shirin. Fayil ɗin rubutun, wato srt, ya zama sunansa ɗaya da na bidiyon, a wuri ɗaya. Idan rubutun ya riga magana ko ya makara, a VLC ta kwamfuta maɓallan G da H ke daidaita shi.

Ba fim ɗin falo ba ne. Tun a kashi na farko akwai wurin da ba za ka so yara ko Baba su shigo su tarar ba, ga mashaya, ga jini, musamman a kashi biyu na ƙarshe. Waɗannan biyun, na 9 da na 10, tare aka haska su a Fabrairun 2016, kuma tare ya kamata a kalle su.

Zangon farko bai ƙarasa littafin farko ba. Labarin da aka faro sai a kashi na 5 na zango na biyu yake kammala, saboda haka tanadi waɗannan biyar ɗin tun kafin ka kai na 10, kada datarka ta ƙare a bar ka a rataye. Shirin gaba ɗaya zango 6 ne: Syfy ta dakatar da shi a 2018 bayan na uku, Amazon ta karɓa ta kai shi har Janairun 2022.