Shahon da ke bayan gidanmu a jihar Maryland ta Amurka

Sati uku ke nan wani kuka yana tashe ni da asuba: kii-yaa, kii-yaa, ba ƙaƙƙautawa. Na ɗauka shirwa ce, har na tuna yadda Inna ke kora ta daga kan 'yan tsaki a gida. Jiya dai na bi kukan zuwa bakin rafin da ke bayan unguwarmu, sai ga shi a kan reshe, ya yi tsit kamar mai gadi.

Mutanen nan suna ce masa shaho mai jan kafaɗa. Kafaɗar ja ce kamar jan ƙasa, ƙirjin ma ja-ja da zane-zane a kwance, wutsiyar kuma baƙa da ratsin fari sirara. Da ya tashi, na ga wani haske kamar jinjirin wata kusa da ƙarshen kowane fiffike. Da wannan ake gane shi a sama.

Ba ruwansa da shawagi a kasuwa irin na shirwarmu. Dajin da ke kusa da ruwa yake so, ya zauna ya jira kwaɗo, maciji ko ɓera. A gabana ya sauko, fyau, ya tashi da kwaɗo ƙafafunsa na reto.

Maƙwabcina, wani dattijo, ya yi mini dariya. Ya ce rabin kukan da nake ji ba nasa ba ne, wani shuɗin tsuntsu ne ke kwaikwayonsa. Ashe ni ma an yi mini wayo! Ya nuna mini sheƙar shahunan can sama a tsagar bishiya, ya ce duk shekara nan suke dawowa.