Abin da fitsarin wani dattijo ya nuna mini yau

Talata, da dare.

Aikin da aka ba ni yau shi ne lura da ledar fitsarin wani dattijo da ya zubar da jini sosai, in riƙa rubuta abin da ya taru duk awa. Da safe ɗigo-ɗigo kawai yake zuwa. Hankalina ya tashi, na tambayi babbar sista ko ƙodarsa ta mutu ne. Ta ce, "Ba lallai ba ne, ƙanwata. Ƙwaƙwalwarsa ce ta rage wa ƙodar jini." Bayan an yi masa ƙarin jini da ruwa, kafin yamma fitsarin ya ƙaru, alhamdulillahi.

Maganar tata ba ta bar ni ba. Ƙodoji biyu, duk ƙanƙantarsu, suna karɓar wajen kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa, suna tace kusan lita 180 na ruwan jini a kwana guda. To idan jini ya yi ƙaranci, ina za a fara tsimi in ba nan ba? A jijiyoyin jini na wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya akwai masu jin ƙarfin bugawar jini. Da ya sauka sai su sanar da gindin ƙwaƙwalwa, saƙo ya bi ta laka ya isa ƙoda.

Abin da ya fi burge ni, umarnin hawa-hawa ne. Idan saƙon kaɗan ne, ƙoda ta saki sinadarin renin, wanda ke taimakawa wajen ɗaga ƙarfin bugawar jini. Ya ƙaru, ta riƙe gishiri da ruwa. Sai ya tsananta ne jijiyoyin jininta ke tsukewa. Tun a 1859 Claude Bernard, wani masanin kimiyya ɗan Faransa, ya ga cewa yanke jijiyoyin da ke kai wa ƙoda wannan saƙo a jikin dabba yana ƙara fitsari.

Amma ina jin tsoron wannan dabara. Idan tsukewar ta daɗe, ƙodar kan lalace da gaske, shi ya sa ba a wasa da lissafin nan na awa-awa. Ga kuma masu ciwon zuciya da wasu masu hawan jini, waɗanda saƙon ba ya lafawa a jikinsu shekara da shekaru, ƙoda na ta riƙe gishirin da ke ƙara musu ciwo. A 2023 Amurka ta amince da aikin kashe jijiyoyin saƙo na ƙoda don taimaka wa masu hawan jinin da magani bai saukar da shi yadda ake so ba.