Ƙiba a ɗakin awo: abin da aiki ya koya min

Mu da muka karanci fannin abinci mai gina jiki a Arewa, tamowa muka fi sani. Ita ce a littafi, ita ce a bakin malamai. Sai da na fara aiki a ƙaramin asibiti na ga ashe yunwa da ƙiba kan kwana gida ɗaya: uwa ta cika kujera tana haki, ɗan da ta goyo kuwa ya tsumbure. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haka, domin kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, mata 'yan shekara 15 zuwa 49 kuma kashi 28 nauyinsu ya wuce kima.

Lissafin ba wuya. A raba nauyi a kilo da tsawo sau tsawo a mita, in ya kai 25 nauyi ya yi yawa, in ya kai 30 ƙiba ce. Faɗa wa mai jikin ne aiki. A wajenmu wanda ya yi tumbi an ce hutu ya zo, amaryar da ta yi kumatu an ce miji ya iya kiwo. Har 'yan mata ke zuwa kemis neman "sha ka fashe", wanda wani lokacin Dexamethasone ne, maganin da ke kumbura fuska ya kuma tayar da sukari da hawan jini. In na ce, "Hajiya, sai an rage," sai ta yi dariya ta ce, "Yarinya, so kike a ce ba ya ciyar da ni?"

Na daina maganar kyau ko muni. Gwiwa nake tambaya, da barci, da lambar da na'urar awon jini ta nuna. Nan ake saurara.

Amma nasiha a ɗaki ba ta ja da kasuwa. Taliya da lemon kwalba sun fi kifi da 'ya'yan itace sauƙin samu. Mexico ta sa harajin peso 1 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2014, ta kuma tilasta baƙin tambarin gargaɗi a jikin kaya a 2020. Namu harajin da ya zo a Dokar Kuɗi ta 2021 naira 10 ne a lita, wato naira 5 a kwalbar rabin lita. Ban taɓa ganin wanda naira 5 ta hana shan lemo ba.